Yadda Ake Gwada Ƙarfin Tarakta da Farashinta Kafin a Saya a Sakkwato

Duk wanda ya fita sayen tarakta, lambobi biyu ake fara jefa masa: doki nawa ce, miliyan nawa ce. Dillali zai dafa bonet ya ce, "Alhaji, wagga doki 75 ta, tudu da fadama duk ɗaya na gare ta," sannan ya yanka kuɗi. Mai saye ya tuna wata da ya gani a Kano ko Kaduna, ya ga wannan ta fi doki kuma ta fi sauƙi, sai ya taya. A nan ake yawan tafka asara, domin dokin da aka manna a bonet wani lokaci rabinsa ne kawai ke isa bakin garma, kuɗin da aka faɗa a shago kuma somin-taɓi ne a kan abin da motar za ta ci cikin shekara takwas ko goma. Abin da ya kamata a gwada tsakanin tarakta da tarakta shi ne nawa kowacce za ta gyara maka hekta ɗaya a irin ƙasarka, cikin 'yan kwanakin da damina ta ba ka. Ga yadda ake kaiwa ga wannan lissafi.

Mataki na 1: Rubuta aikin kafin ka leƙa shago

Ɗauki takarda ka rubuta hekta nawa za a yi, wace irin ƙasa ce, wane aiki, kuma cikin kwana nawa. Idan da eka ka saba, kusan eka biyu da rabi ne hekta ɗaya, wato fili mai mita 100 a tsaye da mita 100 a kwance. Kada ka yarda da kiyasin ido. Wayar hannu ma tana auna gona idan ka zagaye ta da ƙafa.

Ƙasa ita ce babbar magana, kuma a jihar nan iri biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Tudun Tangaza, Gwadabawa da Illela yawancinsa jigawa ce, rairayi mai sauƙin kaftu, wurin gero da wake, inda har yau shanun huɗa da raƙuma ke jan garma. Fadamar gulbin Rima kuwa, daga Goronyo zuwa Wurno, Kware da Kwalkwalawa, laka ce mai nauyi. Da rani ta bushe ta tsattsage har garma ta riƙa tsalle a kanta, in ta sha ruwa kuma ta riƙe taya. Taraktar da ke wasa da haro a jigawa tana iya durƙushewa a gonar shinkafa.

Sai kwanaki. Ruwanmu gajere ne, daga Yuni zuwa Satumba, kuma kowa so yake a yi masa aiki a makonnin farko. A ce kana da hekta 20 naka, kana kuma sa ran yi wa mutane hekta 100 na haya, duka cikin kwana 20 na aiki. Hekta 6 ke nan kowace rana. Riƙe wannan lamba, ita za ta zaɓa maka girman mota.

A ƙasan takardar ƙara aikin da ba na damina ba: gyaran fili na albasa, tafarnuwa da alkama a noman rani, jan tirelar taki, kai amfani Kasuwar Kara ko Achida, juya injin casa. Mai niyyar yin haya a gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni, ya rage lissafinsa saboda halin tsaro, domin akwai gonakin da direba ba zai yarda ya kwana a cikinsu ba.

Mataki na 2: Zaɓi abin da za ta ja

Tarakta ba ta noma, garma da haro ke yi. Saboda haka su ake fara zaɓa. Akwai lissafi ɗaya da ya kamata kowane mai tarakta ya haddace: faɗin kayan aiki a mita, sau gudun mota a kilomita cikin awa, sau kashin lokacin da ake aiki na gaske, a raba da 10. Abin da ya fito shi ne hekta a awa. Kashin lokacin nan yakan kama 0.75 zuwa 0.8, domin juyawa a bakin gona da cire ciyawa daga faifai duk suna cin lokaci.

Garma mai faifai uku tana yanka kimanin mita 0.8. A gudun kilomita 6, lissafin ya zama 0.8 × 6 × 0.75 ÷ 10, wato hekta 0.36 a awa, kusan hekta 3 a wunin awa takwas. Haro mai faɗin mita 2 a gudun kilomita 7 yana ba da hekta 1.1 a awa, kusan 9 a wuni. Ka ga mai neman hekta 6 a rana zai samu da haro, amma da garma sai ya yi direba biyu, dare da rana. A jigawa ma ba kasafai ake buƙatar garma mai zurfi ba. Haro da rija sun wadatar, yawan birkice rairayi kuma iska yake bai wa dama ta kwashe saman gona.

Kowane kayan aiki da dokin da yake nema. A ƙasa mai nauyi, faifan garma ɗaya yakan so doki 20 zuwa 25: mai faifai biyu na tarakta doki 45 zuwa 50 ne, mai uku na 60 zuwa 75, mai huɗu sai 80 zuwa sama. Rotabeta, wato abin da ke farfasa ƙasa da wuƙaƙe masu juyawa, mai faɗin mita 1.5 tana tafiya da doki 45, mai mita 2.1 kuwa sai an haura 60. Wanda gonarsa 'yan fangalai ne na shinkafa da ba su wuce hekta 3 ko 4 ba, ya duba ƙaramar tarakta ta hannu mai doki 12 zuwa 18 kafin ya ɗora wa kansa babba.

Mataki na 3: Tambayi wane doki ake nufi

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi cin mutane. Ƙarfin tarakta wuri uku ake auna shi. Akwai na inji shi kaɗai, wanda shi ne ake mannawa a bonet saboda ya fi girma. Akwai na sandar baya mai juyawa, wadda takarda ke kira PTO, ita ke juya rotabeta da injin casa. Sai kuma ƙarfin ja, wanda ke isa ga garma bayan giya da taya sun ci rabonsu.

Injiniyoyin noma suna da lissafin gaggawa: daga kowane mataki zuwa na gaba, kimanin kashi 86 cikin 100 ne ke wucewa. Inji mai doki 75 zai ba da kusan 64 a sandar baya. Wajen ja, 55 a kan kwalta, 48 a ƙasa mai tauri, 41 a gonar da aka riga aka kafce, 35 a ƙasa mai laushi ko rairayi. Wannan na mai ja da ƙafafun baya kaɗai ne. Mai doki 50 kuwa tana sauka zuwa 43 a sanda, 24 a ƙasa mai laushi.

Don haka kada ka gwada dokin injin wata da dokin sandar wata. Ka nemi takardar bayanin kowace mota ka ciro lamba iri ɗaya, kuma ta sandar baya ta fi gaskiya. Idan takardar da kilowat aka rubuta ta, ninka da 1.34 ka sami doki: kW 55 kusan doki 74 ne. Ruɗin doki tsohon abu ne. Tun 1919 jihar Nebraska a Amurka ta yi dokar gwada taraktoci saboda yadda ake sayar wa manoma ƙarfin da babu shi, kuma har yau jami'ar can tana fitar da sakamakon gwaji. Indiya na da tata cibiyar gwajin a Budni, mu kuma muna da cibiyar injinan noma ta ƙasa, NCAM, a Ilorin. Tambayi mai sayarwa rahoton ɗaya daga cikinsu. A ciki ne za ka ga ƙarfin sanda da shan mai kamar yadda aka auna, ba kamar yadda aka tallata ba.

Bayan doki, duba ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa da Nm, da kuma a juyi nawa injin ke ba da shi. Doki da bijimi duk suna da ƙarfi, amma in garma ta ci karo da busasshiyar laka, bijimi ne ke sunkuyar da kai ya wuce. Injin da ke ba da murɗawa mai yawa a juyi kaɗan, wajen 1,400 zuwa 1,600 a minti, shi ne bijimin: ba ya mutuwa a tsakiyar kunya, direba ba ya yawan sauya giya. Ka haɗa da girman inji. John Deere 5075E tana fitar da doki 75 daga silinda uku, lita 2.9, da taimakon turbo. Massey Ferguson 375 tana fitar da 75 ɗin daga silinda huɗu, kusan lita 4.1, babu turbo. Mai turbo ba ta rasa ƙarfi sosai a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, amma tana son baƙin mai mai kyau da direban da zai bar inji ya huce na 'yan mintuna kafin ya kashe. Marar turbo ta fi haƙuri da sakaci. In ka san direbanka, ka san wadda za ka ɗauka.

Mataki na 4: Jera samfuran aji-aji

Ba a gwada ƙarama da babba sai an fara gwada kowacce da sa'arta. A ajin doki 45 zuwa 60 akwai Massey Ferguson 240 mai doki 50 da 260 mai doki 60, Mahindra 575 mai 45, John Deere 5055E, New Holland TT55 da New Holland 480 mai 55. Waɗannan su ne na jigawa, na tirela da na casa. A ajin 65 zuwa 75, inda mafi yawan masu haya suke, akwai Massey 375, John Deere 5075E, New Holland TT75 mai silinda huɗu da lita 3.9, da New Holland 640. Daga 80 zuwa 90 akwai Massey 385 mai doki 85, da Belarus 82 mai doki 81 da ƙaton inji na lita 4.75. Sonalika da TAFE na Indiya, da YTO da Lovol na Sin, suna da mota a kusan kowane aji.

Lambar jiki ba kullum take faɗin doki ba. A motocin Sin tana faɗa: 754 na nufin doki 75 mai ja da ƙafa huɗu, 750 mai ja da biyu, 904 doki 90. A John Deere 5075E ma 75 ɗin doki ne. Amma 240 ta Massey doki 50 ce, 640 ta New Holland kuma 75.

A kula da asali. An daina ƙera jerin Massey 300 a Ingila tun 1997, masana'antar Coventry ma an rufe ta bayan 'yan shekaru. Sabuwar 375 ko 385 da kake gani yau yawanci aikin kamfanin Millat ne na Lahore a Pakistan, kuma ba laifi ba ne, mota ce da ta yi suna. Laifin shi ne a sayar maka da ita da kuɗin "sabuwa 'yar Ingila". Haka 5075E da TT75 da ke zuwa nan galibi ƙirar Indiya ne. Tsoffin Steyr da aka haɗa a Bauci da Fiat na Kano har yanzu ana cin karo da su da araha, sai dai an daɗe da daina haɗa su, neman kayansu aiki ne.

A gaban kowace mota rubuta nauyin da hannuwan baya ke ɗagawa. Na 240 bai kai tan ɗaya da rabi ba, na 375 ya ɗan haura tan biyu. Rubuta kuma girman fil ɗin hannuwan, domin akwai na milimita 22 akwai na 28, kuma garmar da ka riga ka mallaka ɗaya daga ciki take ɗauka. Sandar baya ta zama mai juyi 540 a minti, shi ne abin da kayan aikin da ke kasuwarmu suka fi nema.

Mataki na 5: Ƙafa biyu ko ƙafa huɗu

Mai ja da ƙafa huɗu, 4WD a takarda, tana tura ƙarfi ƙasa fiye da mai biyu: a ƙasa mai laushi doki 75 ɗin nan zai kai kusan 41 maimakon 35. A tudu bambancin bai taka kara ya karya ba, ƙarin kuɗin kuma mai yawa ne, ga gyaran gaba da ya fi tsada. A ganina mai aikin jigawa zalla ya bar ta. Mai shiga fadama bayan an sako ruwa, ko mai aiki a filayen ban-ruwa na Goronyo da Wurno, shi ne take yi wa rana. Mai ƙafa biyu ma ana taimaka mata da ƙarafan nauyi a gaba, da ɗura ruwa a tayoyin baya, da ƙafafun ƙarfe na shiga taɓo. Tabbatar tana da abin takawa da ke kulle ƙafafun baya su juya tare.

Mataki na 6: Daidaita farashi, sannan ka raba

Farashin tarakta dala yake bi. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen ₦460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura ₦1,500. Saboda haka kuɗin da wani ya ce ya sayi tasa shekara biyu da suka wuce labari ne kawai. Nemi farashi a rubuce daga wuri uku a cikin mako ɗaya, kowanne da kwanan wata da ranar da zai daina aiki.

Sannan ka mai da su abu ɗaya. Wani farashin da garma da haro a ciki, wani mota ce tsirara. Wani a Legas ne, kai za ka ɗauko ta sama da kilomita 1,000, wani a Kano, fiye da 500, wani har ƙofar gida. Tambayi rumfar direba, ƙarafan nauyi, sabis na farko, da garanti: shekara nawa ko awa nawa, kuma in ta lalace a Wurno su za su zo ko kai za ka kai ta. In bashi ne, ko na Bankin Manoma ko murabaha irin ta Jaiz, jimillar abin da za ka biya har ƙarshe ita ce farashin. La'adar dillali ma a san wanda zai biya tun kafin a yi sallama.

Yanzu a raba. Lambobin nan na koyon lissafi ne, kai za ka sa na takardunka. A ce ta farko doki 75 mai ƙafa biyu miliyan 30, ta biyu doki 50 miliyan 22, ta uku doki 75 mai ƙafa huɗu miliyan 39. Kowane dokin bonet ya kama ₦400,000 a ta farko, ₦440,000 a ta biyu, ₦520,000 a ta uku. Sake rabawa da dokin da ke isa ƙasa mai laushi, wato 35, 24 da 41: sai ka sami kusan ₦857,000, ₦917,000 da ₦951,000. Ta ukun da ta fi ta farko tsada da kashi 30 cikin 100 yanzu da kashi 11 kawai ta fi ta. Ko wannan ragowar ya cancanta, ya danganta da kwana nawa a shekara mai ƙafa biyu za ta yi a kafe ana neman wata ta jawo ta.

Wannan rabon yana da amfani a cikin aji ɗaya, amma yana da aibi: kullum babba yake yabo. Doki mai araha da ba ka da aikin da za ka ba shi, gas kawai zai sha.

Mataki na 7: Fitar da kuɗin awa, daga nan na hekta

Abu uku za ka haɗa. Na farko faɗuwar daraja. Ta miliyan 30, a ce bayan shekara 8 za ka sayar miliyan 9, ta ci miliyan 21, wato ₦2,625,000 a shekara, ko ta yi aiki ko tana kwance a gindin bedi. In awa 300 take yi a shekara, kowace awa ₦8,750. In ta yi 800, ₦3,280. Wannan shi ya sa aka ce ka rubuta aikin rani tun a matakin farko.

Na biyu gas. A ce ta doki 75 tana shan lita 9 a awa, lita kuma ₦1,200, ₦10,800 ke nan. Na uku gyara. Ana kiyasta rayuwar tarakta mai ƙafa biyu a awa 12,000, kuma gyaran da za ta ci a tsawon wannan lokaci yakan kai kusan kuɗin sayenta. Miliyan 30 a raba da 12,000, ₦2,500 a awa.

Jimilla ₦22,050 a awa ga mai yin 300, ₦16,580 ga mai yin 800. Raba da hekta 1.1 na haro: kusan ₦20,000 da ₦15,000 a hekta. Raba da 0.36 na garma: kusan ₦61,000 da ₦46,000. Ba a sa albashin direba, ribar banki da cinyewar faifai ba, sai ka ƙara su.

Yi wa ƙaramar haka. Miliyan 22, a sayar 6, awa 300, lita 6: kusan ₦15,700 a awa. Haronta mita 1.5 ne, hekta 0.84 a awa, sai hekta ta kama kusan ₦18,700. Ta fi babbar sauƙi, kuma a awa takwas tana yin hekta 6.7. Mutumin matakin farko mai neman 6 a rana, in a tudu yake, ƙaramar ta ishe shi, ya ajiye miliyan 8 ya sayi tirela da injin casa. In a laka yake, ba za ta ja masa faifai uku ba, maganar ta ƙare.

Ƙarshen lissafin, ɗora naka a kan abin da masu haya ke karɓa a garinku. In kuɗin hektarka ya fi nasu, ko dai ku haɗa kai a ƙungiya ku sayi ɗaya, ko ka ci gaba da haya.

Mataki na 8: Je wurin bakanike da mai kayan gyara

Kafin ka yanke, ɗauki sunayen mota biyu ko uku da suka rage ka zagaya cikin garin Sakkwato. Tambayi kuɗin matacin mai, matacin gas, matacin iska, faifan kuloci, famfon ruwa, nozul da tayar baya. Abin da kake son ji shi ne ko akwai a shago yau, ko sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko kuwa sai Legas. Kwana biyar a kwance a ƙarshen Yuni, ga mai yin hekta 6 a rana, hekta 30 ne suka tafi wurin wani. Dalilin da ya sa Massey mai injin Perkins ke riƙe daraja a Arewa ke nan: bakanike da yawa sun san cikinta, kayanta kuma ba sa wuya. Taraktoci 2,000 da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2025 daga Belarus, da duk wata ta tallafi, su ma a yi musu wannan tambaya kafin a yi murnar rangwame.

Ka tambayi irin famfon gas. Injinan zamani na Turai masu aiki da kwamfuta, musamman masu buƙatar ruwan AdBlue, ba sa jure gas ɗin jarka mai ruwa da datti, kuma in suka tsaya sai mai na'ura ya zo. Famfon gargajiya ya fi dacewa da ƙauye. Ƙurar hunturu da ta haro kuma tana cinye inji, don haka matacin iska ya zama mai hawa biyu ko mai kwanon mai, da kofin tare ƙura a samansa. Lagireto ya zama mai raga a gaba da ake cirewa a kakkaɓe.

Mataki na 9: In ta hannu ce

Sabon fenti da sabuwar sitika ba shaida ba ne, kowa na iya manna 375 a jikin wata. Karanta farantin lambar mota da lambar da aka buga a jikin inji. Ka je da sassafe, ka dafa injin ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Shuɗin hayaƙi baƙin mai take ƙonawa, baƙi mai yawa matsalar nozul ko iska ne, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi yana iya zama ruwa ne ke shiga. Duba bututun numfashin inji: in yana huci kamar salansa, ringi sun gaji. Baƙin mai da ya koma kalar madara ruwa ya gauraya da shi. Agogon awa ana sauya shi, amma abin taka kuloci da ramin da ake ɗaura tirela ba sa ɓoye shekarunsu. A ɗaga garma sama a kashe inji, in ta sauko cikin 'yan mintuna akwai gyaran haidirolik a gaba. Walda a jikin gidan giya ko ƙafar gaba kuwa, ni dai nan nake juyawa. Duk gyaran da bakanikenka ya lissafa, da kuɗin taya in sun cinye, ɗora su a kan farashi ka koma mataki na 7 da rabin awannin rayuwa ko ƙasa da haka.

Mataki na 10: Gwaji a gona, sannan takardu

Ba a cinikin biri a sama, hoton WhatsApp da zagaye a harabar shago ba gwaji ba ne. Ka nemi a ɗaura mata garmar da za ta riƙa ja, a irin ƙasarka. In sabuwa ce kamfani ya ƙi, nemi mai irinta a kusa ka biya shi aikin awa ɗaya. Cika tanki har baki, a yi awa ɗaya cif, a sake cikawa da galan mai awo, sannan a auna filin da aka yi. Ka sami lita a awa da hekta a awa na gaske, sai ka maye gurbin na kiyasi.

Auna sulɓin taya. Yi wa tayar baya alama da alli, a yi juyi 10 garma na sama ka auna nisan, a sake juyi 10 garma na cikin ƙasa ka auna. In na farko mita 45 ne na biyu 39, bambancin 6 a raba da 45, kashi 13 cikin 100 ke nan. Tsakanin 10 da 15 daidai ne ga mai ƙafa biyu. In ya haura 20, motar ta yi wa aikin rashin nauyi ko garmar ta fi ƙarfinta. Ka sa ido a kan allurar zafi duk tsawon awar, kuma a yi gwajin da rana tsaka.

In ta ci, kada kafin-alƙalami ya fita sai da rasit mai ɗauke da lambar inji da ta shasi, kuma ka gwada su da na jikin motar da idonka. Karɓi takardun kwastan in shigo da ita aka yi, katin garanti mai hatimi, littafin direba da akwatin sifana. Ta hannu kuma a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, da takardar mai ita na farko. A rubuta ranar kawowa, ka tsara ta iso a Afrilu ko farkon Mayu, domin sabon inji yana son ya yi awanninsa na farko na aiki, sannan a juye baƙin mai da matatansa kafin a sa shi huɗar farkon damina.